Fijon Baffa: Yadda Aikin Maido Ta Kan Titi Ke Tafiya

9 ga Nuwamba, 2024

Yau aka janyo motar daga rumfar gidanmu na cikin garin Bauchi zuwa gareji. Fijo 504 ce doguwa, mai layin kujeru uku, ƙirar 1984, haɗin Kaduna. Tun 2012 da ciwon ƙafa ya kwantar da Baffa, Allah ya jiƙansa, ba ta ƙara motsawa ba. Da aka zo rabon gado sai aka yi mata kuɗi, na ce ina so, na cika wa 'yan'uwa abin da ya hau kaina.

Tayoyi huɗun duk sun zauna, sai aro aka yi aka ɗaura mata. Birkin baya kuma ya manne da dorom, sai da aka yi ta bugu da guduma kafin ƙafafun su yarda su juya.

Bakaniken da zai yi aikin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. A Kaduna ya koyi sana'a lokacin da kamfanin PAN na Kakuri mai haɗa fijo, wanda ya fara aiki a 1975, yake kan ganiyarsa. Ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya ce, "Ɗana, me kake so, ta tashi ko ta yi tafiya?" Na ce ta yi tafiya, da iyali a ciki. Ya ce to inji ba shi ne farko ba.

Ga yadda muka tsara: birki, sitiyari da ƙafafu, inji, taya, wuta, takardu. Fenti can ƙarshe. Yaya bai so haka ba, shi burinsa a ga motar tana ƙyalli a ƙofar gida ranar Sallah. Na ce masa Sallah ba ɗaya ba ce. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne motar nan ba za ta ɗauki yaro ko ɗaya ba sai an gwada lafiyarta da gaske, kuma kowace takarda da ke cikinta ta zama ta gaskiya.

16 ga Nuwamba

An ɗora ta a kan rami, an wanke ƙasanta. Sa'ar da muka ci ita ce a rumfa ta zauna, kuma iskar Bauchi busasshiya ce, ba irin ta bakin teku mai cin ƙarfe ba. Duk da haka tsatsa ta yi aikinta a wuraren da ruwa ke kwanciya: ƙasan ƙafar direba, inda robar gilas ta tsage ruwa yana ɗiga, da mazaunin batir, da gindin ƙofar baya.

Baba bai yarda da ido ba. Sukudireba ya riƙe yana caka wa ƙarfe, yana sauraron ƙara. Inda ya fi daɗewa shi ne saman shokozoban gaba da wuraren da aka ɗaure bel ɗin kujera. 504 ba ta da cesis daban irin na babbar mota, bodin ne ke ɗauke da komai, don haka ruɓa a irin waɗannan wurare ba maganar ado ba ce. Saman shokozoba lafiya lau. Amma inda bel ɗin direba ke ɗaure a ƙasa, sukudireba ta shige kamar an caka wa dafaffiyar kabewa. Bel ɗin da aka ɗaure a ruɓaɓɓen ƙarfe zai hana jami'an kiyaye haɗurra tsayar da kai, tunda tun 2003 suke kama wanda bai sa ba, amma ranar da aka yi karo tare da kai zai fita.

Mai walda ya ce zai shafe wurin da foti a yi fenti a kai, ba wanda zai gane. Na ce a yanke, a sa sabon ƙarfe mai kaurin na asali.

30 ga Nuwamba

Mako biyun nan birki kawai ake yi, kuma ban ga asarar lokacin ba.

Gaba faifai ne da kalifa, baya dorom ne da lainin. Fistin ɗin kalifa ɗaya ya ƙi fita sam, sai da aka tura shi da iska. Man da ya fito daga masta ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, da guntayen roba a ciki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne man birki yana shan danshin iska ko motar tana ajiye. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko zuwa wajen 155. A cikin gari ba za ka ji bambanci ba. A doguwar gangara, da kaya, man ya tafasa ya zama tururi, ka taka feda ta tafi ƙasa babu komai. Ruwan kuma shi ke cin bututun ƙarfe daga ciki. Masu zuba ruwan omo a madadin man birki don su kai gari na gaba kuwa, Allah ya shirye su, ya kuma tsare waɗanda suka ɗauko.

Tiyo na roba duka an canza su, ko da ba su nuna tsagewa ba. Baba ya yanka ɗaya ya nuna mini cikinsa: ya kumbura, ramin ya tsuke har da ƙyar allura za ta wuce. Irin wannan yakan bar mai ya tafi idan ka taka, ya hana shi dawowa idan ka saki, sai ƙafa ɗaya ta riƙa kamawa tana zafi, motar tana fizga gefe.

Akwai wani ɗan bawul a ƙarƙashi, kusa da aksul na baya, mai rage ƙarfin birkin baya idan motar ba ta da kaya, ya ƙara idan an yi lodi. A yawancin tsofaffin fijo da ke yawo an daɗe da tsallake shi, an haɗa bututu kai tsaye. Yaron gareji ma abin da ya kawo ke nan. Baba ya harare shi, ya ce motar da bayanta ya riga gabanta kamawa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta juyawa take yi ta kalli inda ta fito. An kwance shi, an wanke, an sa sabuwar roba, yana aiki.

Da yamma aka fitar da iska. Yaro a kujerar direba, Baba kwance a ƙasa da sifana da kwalba, ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da masta. "Taka. Taka. Riƙe!" Sai ka ji tsit, kumfa ta biyo tiyo. "Saki." Haka aka yi ta yi har man ya fito garau ba ƙwayar kumfa, feda ta tsaya ƙyam a sama.

14 ga Disamba

Neman kaya. Abin da ba a samu a nan ba an aika Dilimi a Jos, wasu kuma Ƙofar Ruwa a Kano. Tunda an ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har wajen tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da daina ta, kayanta ba su yi wuya ba. Wuyar ita ce rarrabe mai kyau da jabu, domin kwalin iri ɗaya ne. Bol-joyin biyu muka mayar, tun a hannu suna girgiɗi. Ƙarfe irin su dorom da kalifa ban ƙi na hannu ba. Roba kuwa, ko bushin ko tiyo, sabuwa kawai.

An gama gaban mota: tayarod, bol-joyin, bushin, robar sitiyari. A baya sifirin huɗu ne, biyu kowane gefe, abin da ya sa direbobin Bauchi zuwa Yola suke yi mata lodin da ya fi hankali. Duk lafiyarsu ƙalau, shokozoba kawai aka canza.

28 ga Disamba

Inji ya tashi.

Kafin nan an sha aiki. An cire fulogi aka zuba mai a kowace silinda, aka bar shi ya jiƙa, sannan aka juya inji da hannu. Tankin mai an sauke shi, abin da ya fito daga ciki ya fi kama da kwalta, wari kuwa har maƙwabtan gareji sun yi magana. An wanke kafireta, an hura jet da iska, ba da waya ba, don waya tana faɗaɗa rami motar ta koma shan mai.

Da aka gwada matsin silinda, ta uku ta yi ƙasa, dole aka ɗaga tof silinda. A nan ne na ga amfanin tsohon hannu. Injin nan mai cc 1971 silif ɗinsa, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki, ba a manne suke da bulok ba, zaune suke ruwa yana zagaye su, da siririn abin toshewa a gindin kowanne. Idan aka ɗaga kan inji kai tsaye, ko aka juya inji bayan an cire kan, silif zai iya ɗagowa, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin baƙin mai. Baba ya kwance kusoshi ya bar ɗaya, ya murɗa kan gefe har gaskit ya saki, sannan ya ɗauke. Nan take ya danne silif ɗin da wasu guntayen ƙarfe biyu da ya ce tun yana yaron gareji yake tare da su. Bawul ɗaya ne ya ƙone. An canza shi, an goge sauran, an saita tazara da inji a sanyi: milimita 0.10 na shiga, 0.25 na fita. Kontak kuma 0.40.

Da aka murɗa makulli ta yi tari, ta yi aman baƙin hayaƙi, sannan ta daidaita. Yaya yana wurin. Ya ce a zagaya da ita ko zuwa Wunti ne a dawo. Na ce da tayar aro, ba inshora, ba lasin? Ya ce ai yamma ta yi, ba wanda zai tsayar da mu. Na ce ba tsayarwa nake tsoro ba, mai acaɓan da zai faɗo mana nake tunani. An kashe ta a inda take.

11 ga Janairu, 2025

Taya. Girman na asali 185 R14 ne, kuma yanzu an fi samunsa a irin na ƙananan bas. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tsofaffin na Baffa 2208 ne, wato mako na 22 a 2008, zanensu bai ko cinye rabi ba, amma gefensu duk ya tsattsage. Hukumar kiyaye haɗurra shekara huɗu take lissafa wa taya daga ranar ƙira. Kamfanonin taya sukan ba da fiye da haka, amma da zafin kwaltar watan Afrilu a hanyar Alƙaleri ban ga dalilin yin gardama da hukuma ba.

Mai shago ya fito mini da 'yan kwatano masu zane raɗau, kusan rabin kuɗi. Na duba, 2017. Wata ma an goge lambar da wani abu. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a 2008, kusan duk tayar da muke takawa daga waje take zuwa, kuma har da wadda wasu suka gama ci suka yar. Na sayi sababbi biyar, ƙirar 2024. Ta biyar ɗin ta jawo surutu, wai safaya ai kowace iri ma ta yi. Safayar da za ta fashe bayan kilomita goma ban san amfaninta ba.

20 ga Janairu

Takardun mallaka. A cikin wata tsohuwar jakar fata Inna ta adana komai, har da rasiɗin dilan da Baffa ya saya a wurinsa. Da yake haɗin gida ce, babu maganar takardar kwastan. An yi takardar rantsuwa a kotu, magada sun sa hannu cewa motar ta zama tawa, na kai ofishin lasin aka fara sauya suna da neman sabuwar lamba. Tsohuwar lambar mai BA na cire na ajiye.

Lambar cesis da ke cikin bonet datti da tsohon fenti sun rufe ta. Da tsumma da kananzir aka goge, ba a sa mata sanfefa ba, domin lambar da ta nuna alamar gurza tana jawo tambayoyin da ba ka shirya musu ba. Ta yi daidai da ta takarda, ta inji ma haka.

25 ga Janairu

Ni da Baba mun yi saɓani yau, kuma har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya. Da aka buɗe wajen tamostat babu komai a ciki, an daɗe da cire shi. Baba ya ce haka ake yi, wannan kayan ƙasar sanyi ne. Na ce aikinsa ba ɗumama mota kaɗai ba ne, riƙe inji yake a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. Da asubar hunturun nan, injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai yi ɗumi ba, yana shan mai, silinda tana ci. Idan mota tana zafi, lagireto ne ya toshe ko fanka ba ta kamawa, cire tamostat ɓoye ciwon kawai yake yi.

Ya ce, "To Malam, motarka ce." Idan Baba ya bar ɗana ya koma Malam, ransa bai so ba. An sa tamostat, an kai lagireto an buɗe an tsefe. A kan fanka kuma ni na sakar masa. Ta asali mai maganaɗisu ce, sai ruwa ya yi zafi take kamawa, amma gawayinta ya cinye kuma ba mu samu ba. An ɗaure ta tana juyawa kullum kafin a samo.

3 ga Fabrairu

Shekaranjiya 'yan sanda suka fara kamen inshora a faɗin ƙasa, bisa umarnin Sufeto Janar Kayode Egbetokun. Mutane suna ta magana kamar sabuwar doka ce, alhali dokar da ta wajabta inshorar kare wanda ka yi wa ɓarna tun 1945 take. Abin da ya canza kwanan baya shi ne kuɗin. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da inshora ta ɗaga na motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da za a biya na dukiyar da ka lalata wa wani daga miliyan 1 zuwa miliyan 3.

Yawancinmu mun ɗauki takardar nan a matsayin abin nuna wa ɗan sanda a shinge, shi ya sa kasuwar jabu ta buɗe. Wani ɗan kamasho ya zo gareji ya ce in kawo kuɗi kaɗan, gobe zai kawo mini inshora da takardar lafiyar mota a tare, ba sai motar ta motsa ba. Na tambaye shi wa zai duba birkin. Ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, ai takarda ake tambaya a hanya." Na sallame shi.

Ana iya gane ta gaskiya cikin minti ɗaya. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai, NIID, kana sa lambar mota a shafin askniid.org zai nuna maka kamfani da ranar ƙarewa. Muka gwada da motar Yaya, wadda wani ya saba sabunta masa takardu. Babu ita. Takardar tana da hatimi, tana da kala, amma babu kamfanin da ya san da zamanta. Da ya bugi motar wani, ko Allah ya kiyaye ya ji wa mutum rauni, daga aljihunsa komai zai fito. Ya yi shiru, can ya ce in tura masa sunan shafin.

Kawu kuma ta wani gefen ya ɓullo, ya ce shi bai natsu da halaccin inshora ba. Na ce akwai takaful, wanda NAICOM ta ba kamfanonin Noor da Jaiz lasisinsa a 2016. Mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon duk wanda tsautsayi ya faɗa wa, ana juya kuɗin ta hanyar da ba riba ta haram, in an samu rara a raba musu. Ya ce wannan da sauƙi. Shi na yi, kuma kafin in bar wurin sai da na ga motar ta fito a rumbun.

Inda na tsaya cak shi ne inshorar da ke biyan motar kanta. Waccan ta 15,000 ba ta biyan ko madubinka, na wanda ka buga take biya. Cikakkiyar kuwa ƙa'ida ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, to mece ce darajar fijo mai shekara arba'in? A lissafin kasuwa kuɗin ƙarfe ce, kuma abin da na kashe mata ya riga ya wuce haka. Wasu da na tuntuɓa da jin shekarunta suka ce ba sa yi. Wani ya ce za a iya, idan mai kimantawa ya duba ta, aka amince da adadi, aka rubuta shi a cikin yarjejeniya. In ba a rubuta ba, ranar biya farashin kasuwa za a ɗauko. Don haka na fara tara rasiɗai da hotunan kowane mataki, sai an gama fenti a kira mai kimantawa.

Abu ɗaya da ya kamata mai irin wannan doguwar mota ya sani: inshorar motar gida ba ta shafi ɗaukar fasinja da kuɗi ba. Tuni wani ya ba ni shawarar in riƙa tsayawa a tasha in cike kujeru idan zan je Gombe, ko kuɗin mai ya fito. Idan aka yi haɗari a haka, kamfani yana da hujjar zame jikinsa.

15 ga Fabrairu

Mai wayarin ya gama. Ɓeraye sun ci wayoyi a bayan dashbod, kuma a gidan fis mun tarar da waya a naɗe maimakon fis har wuri uku. An mayar da fis na gaske, an sa wa fitilun gaba rile don kada makunni ya riƙa zafi. Na ƙi farin ƙwan nan mai kashe ido da ake yayi, gilashin fitilar ba don shi aka yi ba, watsa haske yake yi a fuskar mai tahowa. An sayi abin kashe gobara, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da jak mai aiki.

12 ga Maris

Azumi ya rage wa aiki gudu, gareji ba ya wuce la'asar. Yau da safe na kai ta wurin jami'an VIO masu duba lafiyar mota da kaina. Jami'in da ya duba ta, da ya ga motar sai da ya yi murmushi, ya ce a irinta ya koyi tuƙi. Amma bai ɗaga mata ƙafa ba, kuma na ji daɗin haka. Ya gwada lambar cesis da takarda, ya sa na kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya, sigina, fitilar birki, ta ribas, hon, waifa. Ya girgiza sitiyari yana kallon taya, ya karanta shekarun tayoyin, ya leƙa ƙasa ko mai na ɗiga. Ya shiga ya ja ta ya taka birki da ƙarfi, ta tsaya a miƙe ba ta karkata ba.

Abu biyu ya kama. Birkin hannu ya ja har ƙarshe amma motar tana silalewa a ɗan gangare, sannan fitilar hagu sama take kallo. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gyara waɗannan a dawo." Wani da ke tsaye a gefe ya raɗa mini cewa ai wannan ƙaramin abu ne, magana za a yi. Ban tanka masa ba. Awa ɗaya na jami'in da ya san aiki, a kan kuɗin da gwamnati ta ƙayyade, ya gano abin da ni da Baba muka wuce, ban ga abin da zan roƙa a yafe mini ba.

19 ga Maris

Wayar birkin hannu ce ta miƙe, an canza. Fitila an saita ta da dare a jikin bango. Na mayar, an duba, takardar lafiyar mota ta fito, lasin ma ya fito, an ɗaura sabuwar lamba. Shekara ɗaya ne wa'adin kowacce.

Sallah saura kwana kaɗan, motar kuma duk tabon walda da jan fenti na kariya. Yaya ya ce ba zai shiga ba. Inna ta ce ita za ta shiga.

12 ga Afrilu

Gwajin doguwar hanya, ni da Baba da yaronsa, da buhunan yashi a baya a madadin fasinja. Hanyar Jos muka zaɓa da gangan, domin daga Bauchi mai tsayin wajen mita 600 za ka hau har kusan 1,200, ga zafin bazara. Mun fita muna tuna tsohon kamfanin Steyr na Bauchi, Baba yana ba da labarin lokacin da Bauchi ke haɗa manyan motoci da taraktoci, Kano na haɗa Fiat, Inugu na haɗa Marsandi, Ikko na haɗa Volkswagen.

Mun wuce Nabordo allurar zafi tana tsakiya, a hawan Panshanu ta ɗan ɗaga ta dawo. Ban ce komai game da tamostat ba, shi ma bai ce ba. A dawowa, wajen gangara, na sa giya ta uku na bar inji yana riƙe ta, ina taɓa birki jefi-jefi. Da muka sauka muka tsaya, Baba ya bi ƙafafun huɗu yana kai bayan hannunsa kusa da kowane rim. Na baya na dama ya fi sauran zafi. Lainin ya ɗan matse, a nan bakin hanya ya sassauta shi.

Abubuwan da tafiyar ta tona: giya ta biyu tana ƙara idan an sauko mata da sauri, sitiyari yana ɗan rawa daga kilomita 90 zuwa sama, allurar mai kuma ƙarya take yi, tana nuna rabi alhali tanki ya kusa cika. Mai kuwa tana sha, ba kamar 'yan ƙananan motocin yanzu ba, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. An ce in mayar da ita mai amfani da gas. Ban yanke ba. In ma zan yi, sai a wurin da aka amince da su, kuma sai na sanar da masu takaful a rubuce, don canji ne a jikin motar da suka ɗauki nauyinta.

3 ga Mayu

Rawar sitiyari rim ɗaya ne ya lanƙwashe, an samo wani, an yi balansin da alaimen, ta daina. Allurar mai an gyara, abin da ke iyo a tanki ne ya huje. Giya ta biyu Baba ya ce a yi haƙuri da ita zuwa bayan damina, za a sauke giyabos gaba ɗaya a duba kuloci a lokaci guda.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, don haka abin gaggawa yanzu robar gilashin gaba ce, wadda ta ruɓar da ƙasan motar tun farko. An yi oda daga Kano, ba ta iso ba tukuna. Kujerun layi na biyu ba su da bel ko ɗaya, mai walda zai duba inda za a ƙarfafa a ɗaura, kuma kafin a yi wannan yara ba za su bi ta doguwar hanya ba. Fenti sai Nuwamba idan iska ta bushe, launinta na asali, fari mai ɗan duhu, daga nan a kira mai kimantawa. Gawayin fanka har yanzu ana cigiya, an ce a gwada Panteka a Kaduna.